Kada Ya Dawo Yanzu

Babura na shigowa gonar, numfashin yarinyar ya ɗauke.

Uwar ta ƙanƙame ta a tsakiyar dawa. Ba yau aka fara ba. Tun tana shekara biyu maganarta ta gudu, numfashi kuma ya riƙa tsayawa har leɓe ya yi baƙi, sannan ta fizgo shi da wata ƙara da har maƙwabta ke ji. Likita a Funtuwa ya ce ba iska ba ce, da ciwon aka haife ta, har ɓeraye ake sa wa irinsa ana neman magani, ba a dace ba tukuna. Kullum uwar ke hura mata fuska tana roƙon Allah Ya maido numfashin.

Yau kuwa 'yan bindiga na tsaye taku kaɗan daga inda suke.

"Wallahi na ji motsi nan," in ji ɗaya.

"Cikinka ne ke kuka, ragon banza. Duba can!"

Uwar ta san ƙarar nan na tafe. Ba ta hura ba. Ta kifa goshi a ƙasa, ta juya addu'arta: Ya Allah, kada ya dawo yanzu.

Suka tattake dawa, suka yi ashar, suka nufi hanyar Yankara.

Sai da kukan babura ya ɓace ta tallabo fuskar. Ta hura. Ta sake hurawa, tana kiran yarinyar.

"Uwata, sun tafi. To, yanzu. Yanzu mana, Uwata."

Ganyen dawa kaɗai ke motsi.