Ranar da Gajimare Ya Yi Zazzaɓi

Ana tsaka da tafi a taron ƙaddamar da sabon wasan bidiyon kamfani, gaban 'yan jarida da masu zuba jari, hoton ya daskare. Ɗan ƙwallon da ke kan babban allo ya ɗaga ƙafa zai buga, sai ya tsaya cak da ita a sama kamar wanda ya taka garwashi.

Oga ya yi wa 'yan jarida murmushin yaƙe, ya ce da gangan aka tsayar, don kowa ya ƙare wa kyawun hoton kallo. Daga nan ya zame ta ƙofar baya.

Ya daɗe yana cika wa mutane kunne da tallar wannan rana. Ba sai ka sayi na'urar wasa mai tsada ba, in ji shi, tsohuwar wayarka ma ta isa, domin wasan yana can cikin gajimare, intanet ce za ta kawo maka. Gajimaren kuwa wani ɗaki ne a ƙarshen baranda, kusa da bayi, cike da dogayen akwatunan ƙarfe na kwamfuta masu gurnani. Makullinsa yana hannun ɗan ƙanwar Oga, wanda kowa ke kira Injiniya.

A 'yan makonnin nan Injiniya ya zama abin misali a ofis. Shi ne farkon zuwa, ranar hutu ma sai ya leƙo. Ko abinci yake ci, zai ajiye cokali ya ce bari ya je ya juya wani abu ya dawo.

Oga na tura ƙofar, hucin zafi ya mare shi a fuska. Ya tarar da Injiniya durƙushe gaban akwatin ƙarshe, ya manna kunne a jikinsa, yana raɗa: "Ku daure, saura kaɗan."

"Kai! Me ya sa na'urar sanyin nan take numfashi kamar mai ciwon ƙirji?"

"Ni na rage ta, Kawu. In aka kwara wa abu mai ɗumi sanyi farat ɗaya, an kashe shi ke nan."

Oga bai san komai game da inji ba, amma ba ya son a gane. Ya gyaɗa kai, gumi na bin wuyan sabuwar rigarsa.

Sakatariya ta shigo da waya a kowane hannu. Wani ya kira ya ce motarsa ta cikin wasan ta maƙale a kwana ɗaya tun ɗazu. Wata ta ce ɗan dambenta ya juya mata baya ya ƙi kulawa. Masu zuba jari kuma sun fara tambayar ina direbobinsu suke.

Oga ya ba da umarni a kwaso duk wata fanka da ke ginin. Aka kwaso, har da ta mai askin da ke ƙasa, wanda ya biyo abarsa da almakashi a hannu yana mita. Injiniya ya jera su gaban akwatunan farko. Da aka nufi na ƙarshe da wata ƙatuwa, sai ya yi wuf ya tare da jikinsa.

"Ban da wannan. Iska ba ta taɓa shi."

Sakatariya ta hango wani ƙaramin kwano da ruwa a ƙasan akwatin. Ta buɗe baki, Injiniya ya riga ta: dabara ce ta masana.

Wayar Injiniya ta yi ta ruri a aljihu, yana dubawa yana katsewa. Oga ya ga lambar wa ke fitowa, zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Yaron nan ko matarsa ba ya saurare saboda aikin kamfani.

Sanyin bai daɗe ba. Akwati na biyu ya yi tari ya mutu, fitilunsa suka koma ja. Oga ya nuna Injiniya da yatsa.

"In taron nan ya watse, ko uwarka ta zo da kanta ba za ta roƙe ni ba."

Sai ga wata 'yar ƙara siririya daga akwatin ƙarshe. Ta tsaya, ta sake, wata ta amsa mata.

"Shi ma mutuwa zai yi?" in ji Oga.

Fuskar Injiniya ta washe. "Alama ce mai kyau, Kawu. Kowa ya fita, a bar ni da su."

Suka tsaya a baranda suna kallon ƙofa kamar dangin mai naƙuda. Can ya fito rungume da kwali, ya lulluɓe shi da kwat ɗinsa. A bayansa na'urar sanyi tana hurawa iya ƙarfinta, fitilu suna komawa kore ɗaya bayan ɗaya.

"Na cire abin da ke jawo matsalar."

Daga zauren taro aka ji ihu. Ɗan ƙwallon ya sauke ƙafarsa, ƙwallo ta shiga raga. Masu zuba jari suka koma kujerunsu.

Oga ya buɗe hannu zai rungume shi, Injiniya ya kare kwalin da gwiwar hannu, ya ce kaya ne masu hatsari, gara ya fitar da su daga ginin da kansa. Oga ya kalli ma'aikata ya ce su koyi sadaukarwa daga wannan yaro, kuma daga gobe shi ne mataimakinsa.

Sai da Injiniya ya shiga motarsa ya ɗaga gilasai, sannan ya kira matarsa. Ya yaye kwat ɗin a hankali, ya kara wayar a bakin kwalin.

"Maman yara, daina kukan injin ƙyanƙyasarki da ya lalace, saurari 'yan tsakinki, ko ƙwai ɗaya bai yi bara-gurbi ba."