Hasumiyar Jikin Akwati

"Akwatin giya ne wannan!" Alhaji Idrisa ya daka tsawa bayan sallar la'asar, yana nuna akwatin katakon da ake ajiye Alƙur'anai a ciki.

Ɗahiru, ladanin masallacin, shi ya tsinto akwatin a bayan wani otal a Legas, shekarar da ya je cin rani. Babu rubutu a jikinsa sai ɗan zanen hasumiya, shi kuwa ya ɗauka ta masallaci ce.

"A tuɓe shi daga ladanci!" in ji Alhaji, wanda ya daɗe yana nema wa ƙanensa wurin. "Hasumiyar nan tambarin wata gonar inabi ce a Faransa, ta fi shekara ɗari uku. Jar giyarsu sai ta shekara ashirin a ƙarƙashin ƙasa. Ko an buɗe ta, sai ta sha iska, in ba haka ba bauri gare ta!"

Liman ya jujjuya akwatin, sannan ya ɗago kai.

"Mu shekara tara hasumiya muke gani, Alhaji. Kai a ina ka ji baurin?"