Waƙar Maginiya

Ɗan'uwa, zauna in ba ka misali. An yi wani saurayi, ɗan wata maginiya, da ya sami shiga ƙaramar kwalejin garinsu yana karanta Tarihi. Karatunsa na baya rabi da rabi ne, yau aji, gobe kai tuluna kasuwa, shi ya sa ya riƙe wannan kamar mai riƙe da ƙwai. Wata rana malaminsu ya ce kowa ya samo tarihin kafuwar unguwarsu daga bakin wanda ya sani, ya naɗo murya, ya rubuta sunan mai bayani da matsayinsa. To, matsayin nan shi ya tsaya masa a rai. A ganinsa, tarihi sai mai rawani. Ran da zai gwada wayarsa, ya kunna ta a tsakar gida, uwarsa na durƙushe tana kirɓa yumɓu, tana 'yar waƙar da ya tashi yana ji: sunayen mata a jere, da na rijiyoyi, da wata kuka da aka sauke kaya a gindinta. Ta ɗago ta ce, "Ɗan boko, ni ma a akwatin za ka sa ni?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Inna, gwaji ne kawai."

Ya yi tafiyar yini guda zuwa wani ƙauye can ciki, inda ko waya ba ta shiga, wurin wani tsohon dagacinsu da ya koma can da zama. Sai da ya kwana uku kafin a yi masa iso. Yana zama gaban tsohon, waya ta nuna ta cika. Ya duba, ya ga waƙar Inna ce ta fi cin wuri, ya sa yatsa ya goge. Tsohon ya lissafa dagatai bakwai, sannan ya ce, "Yaro, mu tarar da unguwar muka yi. Mata magina suka kafa ta, da suka biyo yumɓu a shekarar yunwa. Sunayensu na cikin waƙar kirɓi, uwa ke ba 'ya. Na ji mutum ɗaya ta rage mai yin ta." Ya faɗi sunan. Sunan uwar saurayin ne, ita kuwa ba ta haifi mace ba.

Bai tsaya ko shan ruwa ba ya kamo hanya. Tun daga bakin lungu ya hango tabarmi a ƙofar gidansu, maza na zaune jugum. Zazzaɓin kwana biyu ne, an kai Inna makwancinta tun jiya da hantsi. A tsakar gida ya tarar da tulun da ta fara, an rufe shi da tsumma, ba a kai ga yi masa wuya ba, ga shatin babban yatsanta a jiki. Ya durƙusa inda take durƙusawa, ya ɗauki waƙar. Suna uku suka zo bakinsa, na huɗu ya ƙi. Har yau bai zo ba. Dagatan nan bakwai ya rubuta ya miƙa, aka ba shi maki mafi yawa a ajin, bai taɓa nuna wa kowa takardar ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce: rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.