Rigar da Alhaji Bawa ya karɓe

Jiya aka yi jana'izar Alhaji Bawa, ubangidan 'yan kokawa. Duk Sakkwato ana yabonsa, wai ya riƙe yaransa kamar 'ya'yan cikinsa. Mahaifina yana cikin yaran nan.

Ina 'yar shekara takwas wata la'asar Alhaji ya zo gidanmu a Ƙofar Marke. Baba na kwance a zaure, gwiwarsa da ta karye a fagen kokawa ta ruɓe tana fitar da mugunya, ni kuma ina kore masa ƙuda. Da ya ji sallamar maigidansa sai ya yunƙura ya zauna, fuskarsa ta cika da murna.

Alhaji bai shigo ba. Ya tsaya bakin ƙofa, ya toshe hanci da farin hankici da ya sha turare.

"Ranka shi daɗe, da sauƙi," in ji Baba, tun ba a tambaye shi ba.

"Madalla. Tube rigar ga, na samu yaron da za ta yi ma daidai."

Koriyar riga ce mai sunan Alhaji a baya, wadda Baba ya shekara goma yana shiga fage da ita. Ni na taya shi cire ta. Alhaji ya ɗauke ta da yatsa biyu ya tafi.

Baba bai taɓa zaginsa ba har ya rasu. Ni ma jiya na ce Allah ya jiƙansa, amma na kasa cin tuwon sadakar da aka aiko.