Ɗigon da Ta Tsallake

An yi wata mata, matar wani mai ɗinkin hula, wadda har ta tsufa ba ta manta ranar da suka fara haɗuwa ba. Ta zo wucewa ta rumfarsa da tallan gyaɗa, wani ya ba ta dariya, shi kuwa ya ɗago kai ya hango wushiryarta, allura ta shige masa yatsa bai ji ba. Daga ranar ya sa mata suna Mai Wushirya, ya aure ta da sunan, suka haifi 'ya'ya da sunan. Da girma ya kama shi, yanar ido ta rufe masa gani, ya ajiye allura, ita ta zama idonsa. A cikin shekarun nan ne haƙoranta na gaba suka zube, kumatu suka lotsa. Shi dai bai fasa ba: kullum Mai Wushirya, kullum labarin yarinyar nan mai dogon wuya da tiren gyaɗa. Tun tana jin daɗi har abin ya fara sukarta. Yarinyar ba ta tuƙa masa tuwo, ba ta ja masa sanda zuwa masallaci, amma ita ake yabo. Matar ta wayi gari tana kishi da wadda ba ta da hanyar yi wa gori, domin ita ce da kanta.

Sai 'ya'yansu suka kai shi asibiti, aka sa ranar cire yanar. Likita ya ba ta maganin ɗigawa, ya ce a fara tun kafin aiki, a ci gaba bayansa, ya haɗa mata shi da lokutan salla don kada ta manta. Takan wanke hannu, ta ɗora kansa a cinyarta, ta ja fatar idon ƙasa, ta ɗiga ba tare da bakin kwalbar ya taɓa shi ba. Shi kuma yana lumshe ido yana cewa saura kaɗan ya ga Mai Wushirya. Aka yi aiki lafiya. Da aka cire auduga ya ce yana gani dishi-dishi, likita ya ce da ɗigon nan idon zai washe a hankali. Wannan magana ce ta zauna mata a rai. Ta koma magana da gefen mayafi a baki. Azahar ta wuce ba ta ɗauko kwalba ba, ta ce wa kanta ɗigo ɗaya ba ya kashe ido. La'asar ma ta wuce. Ba makanta take so masa ba, so take dishin ya ɗan ƙara kwana. Ba a jima ba idon ya kaɗa ya yi jajir, yana ruwa, mutumin ya kasa kallon ƙofa saboda haske. Suka koma asibiti a gigice, likita ya duba ya yi faɗa, ya ce da sun ƙara jinkiri da aikin ya tashi a banza.

A hanyar gida ya ce mata, “Ke tsohuwa, ina jin kiran salla, ina jin ba ki motsa ba, na ɗauka gajiya ce. In don bakin nan ne, sauke mayafin. Shekara nawa ina sayo miki rake kina ba jikoki? Kin zaci ban san dalili ba? A gidana haƙoran suka zube. Waccan yarinyar kuwa, ko kunu ta dama sai an tace gudaji.”

Dariya ta ƙwace mata, baki buɗe, hawaye na zuba. Suna isa ta wanke hannu, ta jawo kansa cinyarta, ta sunkuyo da fuskarta daidai idon, ta ce, “Malam, buɗe da kyau ka kalla. Daga yau ko ɗigo ɗaya ba zan sake tsallakewa ba, sai ka gan ni tas.”

Gaskiyar masu iya magana, da tsohuwar zuma ake magani.