Ɓeran da Ya Daina Ƙyalli

Ranar Litinin Malama ta ɗaga ɓeran ta wutsiya, ta soka masa allura, ta mayar da shi keji mai lamba tara. A cikin allurar akwai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda in an haska su da fitila mai shuɗin haske sai su yi ƙyalli jajir ta cikin fata. Da su ake leƙa cikin dabba tana raye, ba tare da an yanka ta ba.

Matsalar ɗaya ce. Ƙwayoyin nan in sun shiga jiki sai su nemi hanta su baje, kamar baƙon da bai san ranar tafiya ba. Shekara huɗu Malama tana neman irin da za su fita da kansu, kuma Farfesa, shugaban ɗakin binciken, ya riga ya faɗa mata cewa in wata ya ƙare babu sakamako, ta manta da digirin. Tsoro ya hana ta cin abinci.

Da yamma ta haska ɓeran. Kunnuwa ja, ciki ja, sai ka ce garwashi.

Ranar Alhamis ta sake haskawa. Babu komai, ko ɗigo. Ta goge tabarau, ta canza fitila, ta kira Farfesa. Ya leƙa, ya ce a maimaita.

Ta maimaita. Litinin ƙyalli, Alhamis fes. Ɓeran har ƙiba ya yi, ya kuma koyi cizo, abin da bai taɓa yi ba. Malama ta rubuta a littafinta cewa kuzarinsa ya ƙaru. A karo na uku ya ɗan rame, cizon ma ya bari. Ta rubuta cewa hankalinsa ya kwanta.

Farfesa, mutumin da ko gaisuwa da hanci yake amsawa, ya fara kiranta "'yata". Ya aika wa manyan jami'a takarda, ya sa aka wanke labule, ya ɗinka sabuwar riga saboda hoto. Malama ta kira mahaifiyarta ta yi kukan daɗi, tsohuwar ta yi ta sa albarka ba tare da ta gane me ɓera ya yi ba.

Ranar taro ɗakin ya cika maƙil. Aka ɗora kejin a kan tebur, aka kashe wuta, aka haska. Ɓeran ya zauna yana wanke gemu, fari tas. Ɗakin ya kaure da tafi.

Malama ba ta da butulci. Ta jawo hannun Baba mai kula da dabbobi, dattijon da kullum da safe yake bin kejuna da tasa 'yar fitilar mai shuɗin haske yana neman inda fitsari ya bushe. Ta ce a tafa masa, don shekara ashirin dabba ba ta taɓa mutuwa a hannunsa ba.

Baba ya gyara hula, ya karɓi abin magana, ya dubi Farfesa.

"Ai aikina ne, ranka ya daɗe. Kai ka ce duk dabbar da ta canza kama a ware ta a sa lafiyayya. To kejin nan na tara akwai cuta, Malama, a bincika. Ɓera uku ke nan ina cirewa, duk suna can baya suna ta ƙyalli jajir kamar wuta."