Wasiƙun da Ke Akwatin Kofur Vela

Da sabulu a cikin safa suka fara. Haka ake yi a barikinmu na jihar Jojiya idan ana so a daki mutum ba tare da likita ya ga shaida ba. Amma Sajan Tackett, wanda ya haɗa gayyar, bai damu da wani likita ba. A bugu na biyar ya yar da safar ya ɗauki sifana.

Tsakar rana ce, a garejin motocin yaƙi. Su shida suka rufe ƙofa da Kofur Isidro Vela, mutumin da suka yi wata goma sha biyar tare a Iraƙi, suna cin abinci a gwangwani ɗaya. Suka ƙure rediyo don kada a ji ihu daga waje. A rediyon kuwa 'yan majalisar dattawa ne ke ta kumfar baki a kan dokar nan ta "kada a tambaya, kada a faɗa": a soke ta ko a bar ta. Dokar banza, in ka tambaye ni. Sojan da ke son namiji ɗan'uwansa yana da izinin mutuwa saboda ƙasa matuƙar bakinsa a rufe yake. Ranar da ya buɗe, a tuɓe masa kaki.

Da safiyar nan ne Tackett ya buɗe akwatin Vela yana neman man takalmi, ya ci karo da wasiƙu goma sha bakwai, ɗaure da igiyar takalmin soja. Babu ambulan, babu adireshi. Kowacce ta fara da "abin ƙaunata", ta ƙare da sunan namiji: Emmett.

"Wane ne Emmett, ɗan iska?" in ji Tackett. "Ita kuma Marisol ɗin da ka cika mana kunne da aurenta, ashe labule ce?"

Vela ya tofar da haƙori.

Suka yi masa dukan kawo wuƙa. Wani ya taka masa wuya, wani ya riƙa harbin haƙarƙarinsa har aka ji ƙas. Abu guda suke so, ya faɗa da bakinsa a gaban shaidu. Shi ma ya san da zarar ya faɗa, shekara goma sha ɗaya da ya yi cikin kaki sun tafi ke nan.

Tackett ya ja shi da ƙeya zuwa bangon gareji, inda suka zana sunan Sajan Garland Pruitt da jan fenti. Pruitt ne ya tare bakin wata gada shi kaɗai har su shidan nan suka tsere da ransu, shi kuma aka kwaso shi gunduwa-gunduwa. Ba sojan da ke wucewa ta bangon nan bai sara wa sunan ba.

"Dube shi!" Da gaske Tackett kuka yake. "Wannan shi ne namiji. Da yana raye da hannunsa zai binne ka. Kuma kai, kai ƙazami, aka ba aikin haɗa wa uwarsa kayansa. Da wane hannu ka taɓa rigunansa? Wannan?"

Suka danne hannun a kan siminti. Sifanar ta sauka sau uku. A rediyo wani dattijo na bayanin cewa irin waɗannan mutane za su rusa zumuncin da ke tsakanin sojoji.

"Nawa ne," in ji Vela, da kyar. "Wasiƙun nawa ne. Kun ji daɗi?"

Nan suka bar shi jina-jina, suka tafi cin abincin rana.

Kyaftin Beasley, shugabar rundunarsu, ta same shi a asibiti an ɗaure masa yatsu da waya. Mace ce mai kirki, ta so ta buɗa masa hanya.

"Kofur, magana a ƙarƙashin duka ba magana ba ce. Ka ce min wani ne ya jefa maka su a akwati, ni zan ji da sauran."

"Nawa ne, ranki ya daɗe."

"Ka san abin da kake sa ni in rubuta?"

"Na sani. Abu ɗaya nake roƙo, a maido min da su."

Cikin mako uku aka sallame shi. Su Tackett aka rage musu igiya ɗaya-ɗaya, suka yi ta cika baki cewa sun tsarkake runduna. Marisol ta aiko da zobensa ta gidan waya, ko kalma ba ta haɗa da shi ba. Wannan ya fi sifanar yi masa ciwo. Su kuwa 'yan majalisa suka ɗage zama, suka tafi hutu.

Da hannu ɗaya ya tuƙa motarsa awa bakwai zuwa wani ɗan ƙauye a jihar Tenesi. Sai da ya tambayi mutum huɗu kafin aka nuna masa shagon kafinta a bayan coci. Wani dogon mutum mai furfura a gemu ya ɗago daga katakon da yake fiƙewa, ya dubi baƙon, ya dubi karyayyen hannun.

"Kai ne Emmett?"

"Ni ne. Mun san juna?"

"A'a." Vela ya ajiye ƙunshin a kan teburin, jininsa ya bushe a jikin takardun. "Na san ba wanda ya zo ya yi maka gaisuwa. Shi ya faɗa min ƙauyenku, ya sa na rantse in ya faɗi a fagen yaƙi kada ido ya gan su sai naka. Na kasa hana idanu, ka yafe min, amma sunansa ban bayar ba. Ga wasiƙun da ka rubuta wa Sajan Pruitt."